Jijiyar zuciya da ta ƙi rufewa ga bakwaini: abin da likitocin yara suka tattauna a Maradi

Jariri yana ciki, akwai ƴar jijiya da ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki. Ga cikakken haihuwa takan rufe cikin kwana uku. Ga bakwaini takan zauna buɗe, jini ya yi wa huhu yawa. Alamunta: ƙara a ƙirji, bugun jini mai tsalle, buƙatar iskar oksijin tana ƙaruwa.

Likitocin sun nace kan ekografi, wato hoton zuciya da na'ura, kafin magani, domin akwai lahanin zuciya da ran yaro ya rataya ga wannan jijiyar. A rufe ta, an kashe shi. In buɗewar jijiyar ƙarama ce kuwa, sau da yawa da kanta take rufewa, a kula da yawan ruwan da ake ba jaririn, a jira.

In sai an ba da magani, ibuprofen: miligiram 10 kowane kilo, sannan 5 bayan awa 24, wani 5 a awa 48. Siro ta bututun ciki yana aiki, abin da ya dace da mu nan. Ibuprofen yana hana jiki yin sinadarin furostaglandin, wanda ke riƙe jijiyar a buɗe, amma yana rage jinin ƙoda. Saboda haka a riƙa auna fitsari. Ya ragu sosai, ko ciki ya kumbura, ko aka ga jini a kashi, a tsaya.

Wanda ibuprofen bai dace da shi ba, parasetamol miligiram 15 kowane kilo, duk awa 6, kwana 3, ana duba hanta. Indometasin kuma, wani maganin rufe jijiyar, kada a haɗa shi da hidrokortizon, maganin rage kumburi, hanji yana iya hujewa.