Shawara kafin sayen tsohon jirgin sama mai inji biyu na fistan

Mai Nema: Assalamu alaikum, 'yan'uwa matuƙa da injiniyoyi. Ina da lasin tuƙa jirgi mai inji biyu, kuma ina son mallakar wanda zai ɗauki mutum shida cikin kwanciyar hankali. Hankalina ya rabu tsakanin Cessna 421B, ƙirar farkon shekarun 1970, da kuma Beech 18, wanda na daɗe ina ƙaunarsa. Abin da ya sa ni ɗari-ɗari shi ne arahar da ake sayar da su idan aka dubi girmansu. Wane abu ne wannan arahar take ɓoyewa?

Injiniyan Jirage: Wa alaikumus salam, Malam. Araha ba ta ado, domin mai sayarwa ya san abin da yake gudu. Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe.

Cessna 421 yana ɗauke da injin Continental GTSIO-520 guda biyu, kowanne mai ƙarfin doki 375, kuma akwai giyar rage gudun juyawa tsakanin inji da farfela wadda ba ta jure wa matuƙin da yake janye wuta da gaggawa ko yake barin iska ta riƙa juya farfela lokacin sauka. Kamfanin Continental ya ba da shawarar yi wa injinan garambawul bayan awa 1,200 zuwa 1,600, gwargwadon samfurin, kuma duk abin da ka yi wa ɗaya sai ka tanadi kuɗin yi wa ɗan'uwansa. Ban da wannan, tun shekarar 2000 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta wajabta duba bututun hayaƙin irin waɗannan jirage a kai a kai, saboda idan ya tsage, zafinsa yana iya cin ƙarfen da yake riƙe da inji. Na sha zura fitila ƙarƙashin murfin inji in ga farin toka-toka a gefen mahaɗar bututu, kuma wannan ɗan tabon kaɗai ya isa ya zaunar da jirgi a ƙasa.

Kada ka yarda makanikin mai sayarwa ya yi maka binciken kafin saye. Nemi wanda ya ƙware a wannan samfurin, ya karanta littattafan tarihin gyara shafi bayan shafi. Jirgin da ya shekara biyar a rumfa ba ya tashi ya fi ba ni tsoro a kan wanda yake aiki kullum, domin tsatsa takan ci cikin silinda a ɓoye.

Mai Beech: Ni Beech 18 nake riƙe da shi, kuma ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Ya fara tashi a 1937, aka ƙera sama da 9,000, injinsa kuwa Pratt & Whitney R-985 ne mai ƙarfin doki 450, wanda ya fi na Cessna haƙuri. Matsalarsa tana cikin ƙashin fiffike, wanda bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda. Doka ta tilasta a ɗaura masa ƙarin ƙarfe, a kuma riƙa ɗaukar hotonsa da na'urar gano tsagewa. Yawancinsu ƙaramar tayarsu tana wutsiya, saboda haka sauka cikin iskar gefe tana buƙatar ƙafafu masu saurin taka fedar da ake juya jirgi da ita. Ba shi da tsarin matsin iska a ciki wanda yake sauƙaƙa numfashi a can sama, don haka ba za ka haura saman gajimare da iyali kamar yadda 421 zai yi ba.

Malamin Tuƙi: Ina so in ƙara abin da ba a gani a jikin jirgi. Idan inji ɗaya ya mutu jim kaɗan bayan tashi, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin hawa ne yake tafiya, ba rabi ba, kuma matuƙin da bai saba ba yana iya barin gudu ya faɗi har jirgin ya kife. Shi ya sa kamfanonin inshora suke neman horo a kowace shekara. Ka kuma lissafa man avgas 100LL da jirage masu injin fistan suke sha, kusan galan 40 a awa, wanda Amurka take shirin daina amfani da dalmar cikinsa zuwa ƙarshen 2030.

Mai Nema: Na gode ƙwarai da gaske. Zan fara neman makanikin da ya san 421, sannan in tuntuɓi kamfanin inshora in ji sharuɗɗansu kafin in je ganin jirgin.