Dan Allah ku taimaka, fulawar da Mama ta bar min tana neman lalacewa

Amaryar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema akan fulawata, irin mai yaɗon nan ce da masu sayarwa suke cewa moni plant, amma tawa mai ratsin fari da kore ce kamar an yayyafa mata nono. Asalinta ta mahaifiyata ce Allah ya jiƙanta, a barandarta take ta bi ƙarfen taga har sama, da zan tare sai ta yanko min reshe uku ta sa a kwalba ta ce in kula da ita, bayan wata bakwai Allah ya yi mata rasuwa, waccan ta gida kuma ta bushe tunda babu mai kula. To kun ga wannan ita kaɗai ta rage min shi yasa hankalina ya tashi.

Da ta yi saiwa na mayar da ita wata tukunyar roba mai kyau da na siyo, na cika da ƙasar bayan gida na ajiye ta a lungun falo gefen talabijin. Da damina lafiya lau take, amma tunda hunturu ya shigo komai ya canza, sababbin ganyen ƙanana suke fitowa kuma kore shar babu farin ko kaɗan, na ƙasa suna yin ɗorawa suna zubewa, bakin wasu ya ƙone ya yi ƙamas, reshen ya yi tsawo siriri ganye ɗaya nan ɗaya can. Kullum da safe ina ba ta ruwa wani lokacin har da yamma saboda na ga yadda garin ya bushe, satin da ya wuce ma na zuba mata takin zamani cikin tafin hannu ko za ta farfaɗo amma sai abin ya ƙaru. Jiya kuma na ga wani abu fari kamar auduga a maƙale a gindin ganyen. Me zan yi dan girman Allah?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Mama ya sa aljanna ce makoma. Tambaya ɗaya kafin komai, tukunyar tana da huji a ƙasa?

Amaryar Zariya:
Amin na gode. A'a Anti ba ta da shi, da gangan na zaɓi marar huji don kar ruwa ya ɓata min tayil.

Hajiya Mai Fulawa:
To 'yata ga matsalar nan kin faɗa da bakinki. Ruwa ne ya yi mata yawa. Tukunya babu huji, ƙasar bayan gida mai laka, ruwa safe da yamma, ai saiwar tana kwance cikin taɓo ne ba ta samun iska, kuma saiwa in ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, sai ganyen ya yi yaushi kamar mai ƙishirwa ke kuma ki ƙara zubawa. Haka da yawa suke rasa ta. Yau ɗin nan kar ki bari sai gobe, ki shimfiɗa buhu ki kifa tukunyar a hankali ki zare ta gaba ɗaya ki wanke saiwar ki duba. Mai lafiya fara ce ko ruwan madara kuma da ƙwari in kin taɓa, ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, laɓo-laɓo, in kin ja sai ɓawon ya saɓule a hannunki ya bar wani siririn zare, ga wari. Duk irin wannan ki datse da almakashi mai tsafta, kar ki ji tausayi.

Waccan ƙasar ki zubar musamman tunda kin sa mata taki da yawa haka, takin zamani gishiri ne yana ƙona saiwa, balle wadda take ciwo. Ni yadda nake haɗa tawa shi ne ƙasa mai kyau kashi ɗaya, yashi mai tsakuwa kashi ɗaya, buntun shinkafa da ya kwana biyu ko wanda aka babbaka kashi ɗaya, sai in farfasa gawayi ƙanana in zuba da ɗan ruɓaɓɓen takin shanu wanda ya zama kamar ƙasa. In kin dunƙula a hannu kika saki ya wargaje to ya yi. Tukunya kuma ki samu ta ƙasa mai huji, kar ta fi saiwar girma sosai, ki sa faranti a ƙarƙashi saboda tayil ɗin, in ruwa ya taru a farantin ki zubar. Waccan mai kyan kina iya zura ta ƙasar a ciki don ado.

Ba da ruwa kuma ba a yi masa lokaci kamar abinci, yatsa za ki tura cikin ƙasar har gaɓa biyu, in kin ji danshi ki ƙyale ta, in ya bushe ki zuba sosai har ya fito ta hujin. Nawa da hunturu sai su yi sati ban ba su ba.

Malamin Bayoloji:
Hajiya ta gama magana akan ruwa, bari in ɗan ƙara akan farin da ya ɓace don shi dalilinsa daban ne. Sunan shukar a kimiyyance Epipremnum aureum, wasu suna ce mata potos, mai fari da yawan nan da kika kwatanta ta yi kama da wadda ake kira Marble Queen. Asalinta daga tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, a daji take hawa jikin bishiyoyi tana samun haske ta tsakanin ganyaye. Koren da ke jikin ganye sinadari ne da ake kira kulorofil, da shi shuka take haɗa abincinta daga haske, wurin da yake fari babu shi, wato farin ba ya ciyar da ita. In kika ajiye ta a duhu dole ta riƙa fitar da ganye kore zalla don ta rayu, kuma tsawon da reshen yake yi siriri haske yake nema. Shi yasa mai ratsi ta fi kore zalla buƙatar haske kuma ta fi ta jinkirin girma.

Ki duba barandar Mama da kika ce, haske ne isasshe amma akwai rufi, irin wurin za ki nema mata. Kusa da tagar gabas ya fi, ta sha ranar hantsi mai sanyi. Tagar yamma ki kiyaye, ranar la'asar tana ƙona farin nan da nan, haka ma tagar kudu a watannin nan na Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana shigowa ta nan kai tsaye, sai dai in da labule shara-shara. Kuma ki sani ganyen da ya riga ya fito kore ba zai koma fari ba, ki bi reshen baya har inda ganye mai ratsi na ƙarshe yake ki yanke a ɗan samansa, sabon tsiron da zai fito daga nan ya fi yiwuwa ya zo da ratsin.

Amaryar Zariya:
Malam na gode, gaskiya labulena mai kauri ne kuma kullum a rufe saboda ƙura, ban taɓa kawo haske a raina ba don mai sayar da tukunyar ce min ya yi ai irin wannan ko a duhu tana rayuwa.

Malamin Bayoloji:
Tana jurewa dai na ɗan lokaci, amma mai ratsi ba za ta riƙe kyanta a duhu ba.

'Yar Kaduna:
Ni dai ruwan wankin shinkafa nake zuba wa tawa da ɗan suga kuma ta yi kyau, ki gwada sis.

Hajiya Mai Fulawa:
A'a dan Allah kar ta sa suga, tururuwa zai kira kuma ya ƙara ruɓar da saiwar, tururuwa kuwa su ne masu rainon farin ƙwaron nan mai kamar auduga da ta gani. Yanzu babu taki babu komai sai ta ga sabon ganye ya fito, ko nan da wata biyu, sannan ɗan kaɗan a jiƙa a ruwa ya tsinke sosai.

Ɗan Jos:
Farin abin nan mai kamar auduga ƙwaro ne, ruwan jikin shukar yake tsotsa kuma yana son lunguna. Ki sa sifirit a auduga ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki goge, ki duba bayan ganye da inda ganye ya haɗu da reshe, sai ki maimaita duk sati har sau uku ko huɗu don ƙwansu yana ƙyanƙyashewa daga baya. In akwai man darbejiya ki ɗiga kaɗan a ruwa da ɗan sabulun ruwa ki fesa da yamma, ki fara gwadawa a ganye ɗaya. Ƙonewar bakin ganyen kuma akwai takin akwai bushewar iska, kar ki ajiye ta inda esi ko fanka yake buga ta, kuma ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi duk sati don ƙurar hunturu tana tare mata haske. Mu nan sanyi ne matsalarmu, in ya sauka ƙasa da digiri 10 ganyen baƙi yake yi, ku ma Zariya dare yana sanyi sosai a Janairu, kar ki bar ta a waje ta kwana. In ruwanku na bohol ne kuma kina ganin fari-fari a bakin tukunya to lokaci lokaci ki kwarara mata ruwa da yawa ya wanke gishirin, da damina kuwa ki tara na sama babu kamarsa.

Uwar Biyu:
Abin da ni zan ce, tunda abin tunawa ne kar ki zuba ƙwanki a tukunya ɗaya kina jira, ki yanki iri tun yau. Ki nemi reshe mai ganye mai ratsi ki yanka ƙasa da gaɓa, za ki ga wani ɗan ƙullutu ruwan ƙasa a wurin, daga nan saiwa take fita, in babu gaɓa ganye kawai kika sa ba zai tsiro ba. Gaɓar a cikin ruwa ganyen a waje, cikin sati biyu zuwa uku za ki ga farar saiwa, in ta kai tsawon yatsa ki dasa. Amma ki riƙa canza ruwan kwalbar duk kwana uku ko huɗu, ni na taɓa mantawa da tawa sai ganin 'ya'yan sauro na yi suna wutsil-wutsil a ciki. Sannan in da yara ko mage a gidan ki ɗaga ta sama, dangin gwaza ce, kin san yadda ɗanyen gwaza yake ƙaiƙayi a maƙogwaro, to haka take in yaro ya tauna, baki ya yi zafi ya kumbura, in ya faru a wanke masa baki a kai shi asibiti. Ke ma ki wanke hannu in kin gama yankan.

Ɗan Jos:
In ta warware ki ba ta abin hawa. Ki samu sanda ki naɗe ta da buhun algarara ko gashin kwakwa ki kafa a tukunyar ki ɗaure reshen da zare sako-sako, ki riƙa ɗan jiƙa sandar. In tana hawa ganyen girma yake ƙarawa, in tana reto ƙasa ƙanana take yi. Bango dai kar ki bari ta kama, saiwar jikinta tana ɓata fenti.

Amaryar Zariya:
Na dawo 'yan uwa, na zare ta kamar yadda Hajiya ta ce, wallahi ruwa ne kwance a gindin tukunyar ga wari, saiwar fiye da rabi ta ruɓe na datse ina hawaye, amma akwai farare guda biyar masu ƙwari da suka rage. Na samo tukunyar ƙasa a kasuwa an huda min, na haɗa ƙasar da yashi da gawayi, buntu ne ban samu ba. Na yanki iri huɗu masu ratsi suna cikin kwalba a tagar ɗakina ta gabas, uwar ma tana gefensu na ɗage labulen. Allah ya saka muku da alheri ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Hajiya yanzu in ba ta ruwa ne ko in dakata, kuma ganyen sun ɗan langaɓe ko na yi kuskure ne?

Hajiya Mai Fulawa:
Amin 'yata, ba ki yi kuskure ba, langaɓewar dole ce tunda saiwa biyar ba za su iya ɗaukar ganye da yawa ba, in sun yi yawa ki rage tsofaffin guda biyu ko uku. Ki ba ta ruwa sau ɗaya yanzu ƙasar ta zauna, daga nan kar ki sake sai yatsanki ya ji bushewa, kuma ki bar ta wuri ɗaya kar ki riƙa yawo da ita. Rashin buntun ba komai tunda akwai yashi da gawayi. Nan da sati uku ki duba gaɓoɓin, in kin ga ɗan tsiro a naɗe kamar tsinke ki turo mana hoto mu gani.