Sunana ya fito a kwas ɗin laima, ga idon sawuna bai gama warkewa ba

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum manyanmu da 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa dira da laima daga jirgin sama. Shekarata 5 a kaki, sau 2 ina neman kwas ɗin laima na Jaji ban dace ba, sai bana sunana ya fito. Saura mako 2 a yi mana gwajin likita. Matsalar ita ce wata 4 da suka wuce na yi targaɗe a idon sawun dama wajen ƙwallo. Ban je asibitin bariki ba, wani mai ɗori ne a unguwarmu ya ja ta ya ɗaure, ta lafa. Ina fareti lafiya lau, amma in na yi gudu mai nisa sai ta ɗan kumbura da yamma, in kuma na taka dutse a karkace sai in ji ta har ƙwaƙwalwata. Nauyina kilo 88. Shin in faɗa wa likita, ya cire sunana, alhali ban san ranar da zai sake fitowa ba? Ko in ja bakina in sayi abin ɗaure idon sawu? Nawa ake sayar da mai kyau? Ga bikina bayan Babbar Sallah, ba na so in shiga ɗakin amarya da sanda.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Ka tafi abinka. Wani a banɗaki yake zamewa ya karye, wani ya diro daga sama ya karkaɗe rigarsa. Ka riƙe addu'a.

Mai Shayin Mami: Ni abin da na kasa ganewa, jirgi lafiyarsa ƙalau, mai bai ƙare ba, direba bai yi barci ba, sai mutum da hankalinsa ya nufi ƙofa ya fice. Mu ko a-kori-kura sai ta tsaya cak muke sauka.

Hajiyar Layin Saje: Ƙanena, in laimar ta ƙi buɗewa fa? Ni da maigidan ya ce zai nema, kwana 3 ban yi masa magana ba.

Kyaftin Mai Ritaya: Hajiya, ƙin buɗewa shi kowa ke tsoro, amma ba shi ke cika gadajen asibiti ba. Igiyar da kake maƙalawa a wayar cikin jirgi ita ke zaro laimar da kanta da zarar ka fita, ga kuma ta ko-ta-kwana a ƙirjinka. Ƙasa ita ke karya mutane. Ni nawa a Fort Benning na yi, jihar Jojiya a Amurka. Mako 3 ne: na farko a ƙasa, na biyu a hasumiya, na uku dira 5 daga tsayin ƙafa 1,250. Makon farkon nan faɗuwa ake ta koya maka har ka tsani kanka. Ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a haɗe a ɗan lanƙwashe, haɓa a ƙirji. Gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa, sai sha-raɓa, sai cinya, sai gefen ɗuwawu, sai gefen baya, ka mirgine. Wuri 5 ne ke raba bugun tsakaninsu. Da tsohuwar laima T-10 da muka yi amfani da ita, mutum na saukowa da gudun kusan ƙafa 22 a daƙiƙa, sabuwar T-11 kusan 19.

To ɗana, ga inda taka ta shigo. Ƙafar da ke ciwo, jiki ba ya yarda ya ɗora mata nauyi. Ba da saninka ba za ka ɗage ta, ka miƙa lafiyayyar ta tari ƙasa ita kaɗai. Shi ke nan haɗin ya warware. Ka faɗa wa likita.

Baba Sanda Ɗaya: Yallaɓai, duk wannan karatu ne. Bari in ba yaron nan labarin abin da ba a rubutawa a allo. Ba zan faɗi wuri ko shekara ba, waɗanda muka yi tare sun sani.

Dira ta 3 ce, ta kaya. Jakar baya, bindiga, komai. Tun asuba aka sa mana laima muka zauna a gefen jirgi muna jira, wai akwai hazo. Igiyoyin nan sun matse mana cinya, ba damar ko fitsari. Sai da rana ta take aka ce a hau. Da safe ganye ba ya motsi, amma lokacin da muka fita iska ta tashi. Tawa ta buɗe lafiya, na duba sama na yi hamdala. Can sai na ga wani yaro a ƙarƙashina, iska ta kai ni daidai saman tasa. Duk wanda ya yi dira ya san wannan: laimar ƙasa tana sace wa ta sama iska. Tawa ta yi yaushi kamar rigar da aka jiƙa, na zubo. Kafin ta sake cika na matso ƙasa, ban samu na saki jakar ta rataya a igiyarta ba, da ita na sauka.

Kuma ba a filin na sauka ba, iska ta fitar da ni gonar dawa da aka girbe. Kunya-kunya ta bushe kamar siminti. Ƙafa ɗaya a kan kunya, ɗaya a kwari. Da kunnena na ji ƙarar. Ban gama salati ba laimar ta cika da iska ta fara jana a kan kututturen kara, ina laluben maɓallin sakinta hannuna na rawa. Har yau zanen na nan a bayana. Wani manomi da ɗansa ne suka danne ta, Allah ya saka musu, su suka fara ba ni ruwa.

Mota ta fi awa 2 kafin ta same ni. A wani asibiti aka sa min filasta, wata 3, da aka cire ta sai ga ƙashin ya haɗe a karkace. Likitan da ya sa filastar an yi masa canjin wuri, wanda ya zo ya ce ba aikinsa ba ne. Ƙafata ta hagu ta fi ta dama gajarta. Abokaina suka maƙala bajen fuka-fuki na gama kwas a ƙirji, ni aka ba ni aikin ƙirga barguna a sito.

Hajiyar Layin Saje: Innalillahi. Sannu Baba. Kun ji ko? Ni dama na faɗa.

Ɗan Rigasa: Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne. Amma ni tambayata a kan idon sawu ce da abin ɗaurin.

Kofur Na Bayan Layi: Abin ɗauri 3,500 na saya a kyamis, irin na roba mai kama da safa. Yana aiki.

Sarkin Gudu: Wane 3,500? Wannan ai na masu ciwon sanyi ne. Mai kyau mai igiya da ƙarfe a gefe 25,000 na saya bara, yanzu na san ya wuce haka.

Kofur Na Bayan Layi: An dai cuce ka oga. Ka shiga Kasuwar Barci wajen 'yan gwanjo, da 8,000 za ka ɗauko na Turai.

Sarkin Gudu: Na gwanjo da wani Bature ya gama karyewa a ciki?

Kyaftin Mai Ritaya: Duk ba shi kuke magana a kai ba. Abin ɗaurin masu dira ta wajen takalmin but ake ɗaura shi, ba ciki ba. Binciken sojojin Amurka ya nuna yana rage raunin idon sawu da kusan rabi. Amma don kare lafiyayyar ƙafa aka yi shi, ba don ɓoye mai ciwo ba. Baba Saje, abin da ya same ka abu 3 ne suka haɗu: iska, karo a sama, da kaya. A can Amurka in iskar ƙasa ta wuce noti 13, wato kusan kilomita 24 a awa, ba a dirar horo. Kuma ana koya maka in ka ga za ka hau laimar wani ka ja igiya ka kauce tun da nisa.

Baba Sanda Ɗaya: A can. Kullum a can. Yallaɓai, da girmanka, filin da ka sauka ai an share shi an nome shi ya yi laushi, ga motar asibiti a tsaye. Ka taɓa sauka a kan suri? Ka ja igiya ka kauce, a baki da sauƙi.

Kyaftin Mai Ritaya: Na dawo gida na yi dira, Saje, ba sau ɗaya ba.

Sarkin Gudu: Gaskiya a bar wanda ya karye ya yi magana, shi ya san zafin.

Nas Mai Kaki: Wanda ya karye ya san karayarsa guda ɗaya. Mu da ake kawo mana su mun ga iri-iri. Idon sawu ne kan gaba, sai gwiwa, sai baya, sai buguwar kai ga wanda ya sauka da baya, dunduniya, ɗuwawu, ƙeya, musamman in igiyar hular kwano ta yi sako-sako. Akwai kuma wanda tun a ƙofar jirgi yake samun nasa: in igiyar ta naɗe hannu, tana iya tsinka naman damtse. Na ga ƙato ya zo ƙwanjinsa ya tattare wuri ɗaya kamar dunƙulen fura. Ɗan Rigasa, kumburi bayan wata 4 ba ƙaramin abu ba ne, alama ce jijiyar ba ta koma daidai ba. Kuma za mu gane. Tsaya da ƙafa ɗaya, rufe ido, yi tsalle, shi ke nan asiri ya tonu. In ma ka tsallake mu, gudun safe da tsalle daga dakali sau ba adadi za su fito da ita tun kafin ka ga ƙofar jirgi.

Kofur Na Bayan Layi: To ya je waje ya yi hoto a ɓoye mana. 5,000 ne.

Hajiyar Layin Saje: Ni 12,000 na biya wa yarona watan jiya.

Nas Mai Kaki: Wannan hoton ƙashi yake nunawa, jijiya ba ta fitowa a ciki. Zai fito fes ya ce ya warke. Mai nuna jijiya MRI ne, kuɗinsa kuwa ba a nan kusa yake ba.

Abu Sumayya: Masu ɗori fa sun fi ku sanin targaɗe, tun kafin a haifi asibiti suke yi.

Na Maraɗi: Ina gaida ku daga Nijar. Ni a Faransa na samu nawa, makarantar garin Pau, dira 6 ake yi kafin a ba ka baje. Abu biyu ba ku faɗa ba. Na ɗaya zafi. In rana ta yi zafi iska ba ta da kauri, laima ba ta riƙe ka kamar da sanyin safiya, kuma mai kilo 88 da kaya ya fi siriri saurin isa ƙasa. Na biyu dare. Da dare ba ka ganin ƙasa, sai zuciya ta ce maka ga ta nan, ka miƙe ƙafa kana lalubenta, ashe da saura. Malaminmu kullum cewa yake ka dubi nesa, ka bar ƙasa ta zo ta same ka. Abin ɗauri kuwa a Yamai jika 15 na sefa na gan shi.

Mai Shayin Mami: Jika 15 a naira nawa ke nan yau? Kar dai a ce ƙafar 'yan Nijar ta fi tamu tsada. Ɗan Rigasa, shawarata ka fara angwancewa, in ya so ka diro daga baya. Dira biyu a shekara ɗaya ta yi wa mutum yawa.

Nas Mai Kaki: Baba, tambaya ɗaya don Allah. Kafin ranar, ƙafar ba ta taɓa ba ka matsala ba?

Baba Sanda Ɗaya: Gwiwar dama ai tun ina kurtu take min ciwo, wa ke faɗa? Amma ba ita ce maganar ba. Maganar ita ce takarda. Ranar da na karye ba wanda ya rubuta rahoton hatsari. Da na zo barin aiki aka ce in kawo shaidar cewa a bakin aiki na samu raunin. A bakin aiki! To daga bishiyar mangwaro na faɗo? Na je wani ofishi sau 7, kowace tafiya kuɗin mota da na kwana, a ce fayil yana wajen oga, oga ya tafi kwas. Matata ta sayar da awakinta 4. Wani magatakarda ya kalle ni ya ce Baba ka ɗan motsa mana. Na ce da wace ƙafar?

Kofur Na Bayan Layi: Wallahi fayil ɗin nan ciwo ne. Ni alawus ɗin wani kwas da na yi shekara 2 ke nan, kullum ana kan aiki a kai.

Sarkin Gudu: Kai naka alawus ne. Wani ɗan ɗakinmu ya rasu, matarsa na yawo da yara 3 da takardu a leda, an ce sunan magajin da ya rubuta na babansa ne, baban kuma ya riga shi rasuwa.

Kyaftin Mai Ritaya: Wannan kam gaskiya ne, ba na musu. Duk takardar da aka rubuta maka, ka yi kwafi 3, ɗaya a gidan iyayenka.

Baba Sanda Ɗaya: Yau dai mun haɗu a magana ɗaya, Yallaɓai. Sai dai ku fayil ɗinku ba ya ɓata.

Ɗan Rigasa: Na gode duka. To in na faɗa wa likita yanzu, zai tambaye ni me ya sa ban kawo rahoto tun wata 4 ba. Wannan ba zai zame min wani laifin ba? Kuma ana ɗaga wa mutum zuwa rukuni na gaba, ko sunan ya tafi ke nan?

Hajiyar Layin Saje: Sarkin Gudu, matar nan ta samo takardar aure daga kotu? In ba ta da ita ka yi min magana ta akwati, akwai wata a layinmu da ta sha irin wannan, ta san ƙofar da ake fara bugawa.