Neman shawara kan na'urar sa ido ga bireka mai 132kV

Assalamu alaikum injiniyoyi, manya da abokan aiki. An ɗora mini tsara yadda za mu sa na'urorin sa ido a kan birekoki (na'urorin katse wuta) huɗu masu iskar SF6, wato gas ɗin da ke kashe tartsatsin wuta a cikinsu, a tasharmu ta lantarki, kuma na cije a wuri ɗaya.

Auna wutar da koyil ɗin katsewa (naɗin wayar da ke sa bireka ya buɗe) ke ja daga batirin 110V, da lokacin da ƙaramin injin birekan ke ɗauka kafin ya ɗaure sifirin ɗin da ke motsa shi, wannan duk na gama da shi. Iskar ce ta tsaya mini. Agogon auna iskar da ke jiki tsoho ne, ƙararrawa kawai yake bayarwa in iska ta ragu, ni kuwa ina son sensa mai turo adadi kullum ta Modbus (hanyar da na'urori ke tura wa juna bayanai), don mu gane yoyo tun yana ƙarami. To bakin cika iskar ɗaya ne tak. In na sa mahaɗi mai baki biyu a wurin, ban ƙara wata kafar yoyo ba kuwa? Kuma dole sai an kwashe iskar, ko bawul ɗin yana rufe kansa?

Awa shida kacal aka yarda a kashe layin. Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.