Rabin bangon kanta a tsakiyar kicin: yadda za a kafe shi kada ya yi rawa

Hajiya Mai Gida: Salamu alaikum jama'a. Za a ɗora kanta mai tsayi a bayan kabad ɗin tsakiyar kicin, kan rabin bango mai tsawon mita 2. Dutsen giranit za a sa, zai fito waje don a zauna da kujeru. Ƙasan kankare ne, an riga an sa tayil. Yaya za a kafe bangon?

Birkila: Wa alaikumus salam Hajiya. Da bulo ko da katako?

Hajiya Mai Gida: Ba a yanke ba tukuna, Malam.

Malam Kafinta: Ko da me aka yi shi, a gindi matsalar take. Bangon da ba ya jingine da komai kamar sanda yake a tsaye. Tsayinsa wajen santimita 105, faɗin gindinsa in na katako ne bai wuce 10 ba, don haka idan mutum ya tura shi daga sama da ƙarfin kilo 20, notin da ke ƙasa yana jin fizgar kusan kilo 200. Shi ya sa wanda aka kafe da ƙusar kankare kawai yake fara rawa tun kafin a ɗora dutse. Daga baya sai filasta ta tsage a gindi, gam ɗin silikon da ya manne dutsen ya ɓalle, dutsen ya fara lilo duk lokacin da aka dafa shi. Idan katako ne: a cire tayil ɗin layin bangon, a shimfiɗa leda mai kauri saboda laima, a kwantar da katakon gindi, a ɗaure shi da notin kankare mai milimita 10 ko 12 kowane santimita 40 zuwa 60, na farko da na ƙarshe kada su wuce santimita 15 daga baki. Notin ya ratsa daɓen sama ya shiga ainihin kankare aƙalla santimita 7, domin daɓe ba ya riƙe komai. Katakan tsaye kowane santimita 40. Sai a lulluɓe fuska biyu da filawud, wato falankin katako mai faɗi, mai kaurin milimita 12, da gam da sukuru, ba ƙusa ba. Filawud ɗin nan shi ke mayar da bangon abu guda.

Mai Walda: Duk da haka noti a katako kaɗai ba ya hana lilo, Malam. A sa ginshiƙin ƙarfe biyu a cikin bangon, ɗaya a kowane ƙarshe, bututu mai kusurwa huɗu santimita 5 a 5, a yi masa walda kan faranti mai kaurin milimita 8, noti huɗu a kowane faranti.

Malam Kafinta: Gaskiya ne. Kuma a ɗaure bangon da bayan kabad, kabad ɗin ma a kafe shi a ƙasa. Zurfinsa santimita 60 ne, shi ne babban tokari.

Birkila: Ku dai da katakonku a wurin da ake zubar da ruwa kullum. A huda kankare, a busa ƙurar ramin tas, a dasa rodi mai milimita 12 da gam ɗin ifoksi kowane santimita 40, a jera bulo inci 6 rodin na ratsa ramukansa, a cika da kankare, a zuba ɗan lintal, wato ɗaurin kankare, a sama. A yi ta ba shi ruwa kwana 7 kafin a ɗora masa kaya.

Malam Kafinta: Kicin ɗin da aka gama tayil da kabad za ka shigo masa da kwaɓin siminti, Oga?

Birkila: Leda ake shimfiɗawa. Gara ba ta cin bulo.

Injiniya: In a bene ne a fara duba nauyin bulon tukuna. Kuma kafin a huda ko'ina a san inda bututun ruwa da waya suka bi.

Mai Dutse: Kun manta da abin da za a ɗora. Giranit mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80 a kowace murabba'in mita. Gwiwa tana buƙatar fitowar santimita 25 zuwa 30, kuma a kan siririn bango kusan duk nauyin a waje yake. Sai an sa ƙarfen tallafi mai kaurin milimita 10 kowane santimita 50, a ɗaure shi jikin katakon tsaye ko lintal, ya tsaya santimita 8 kafin bakin dutsen. Silikon manne ne kawai, ba ya ɗaukar nauyi.

Mai Walda: Kada ku yarda da siraran tallafin kantar littattafai, lanƙwashewa suke yi.

Mai Wayarin: A bar mini hanyar waya kafin a rufe bangon don Allah. Soket biyu a gefen kabad, ba gefen masu zama ba.

Injiniya: Gefen masu zama ma ana so, don cajin waya.

Mai Wayarin: Ƙafa ce za ta riƙa dukansa, Yallabai. A kai shi ƙarshen bangon.

Hajiya Mai Gida: Na gode ƙwarai. Kujerun fa, wane tsayi zan nema?

Malam Kafinta: Santimita 75 daga ƙasa zuwa mazauni, Hajiya, in dai saman kantar ya tsaya a 105.