Allurar fakta ta daina yi wa ɗana aiki, don Allah a ba ni shawara

Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗana shekararsa 3, yana da himofiliya A (ciwon rashin daskarewar jini) mai tsanani, ranar kaciya muka gane da jinin ya ƙi tsayawa. A da in an yi masa allurar fakta 8 (sinadarin da ke taimaka wa jini ya daskare) kafin gari ya waye kumburi ya sauka, amma yanzu gwiwarsa ta yi suntum ga zafi, allura uku ba wani canji, ko tsayuwa ba ya yi sai jan gindi. Kakarsa ta ce maganin ne jabu, likita kuma ya ce inhibita yake zargi. Wai mene ne shi?

Wani ma'aikacin lab: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Bayaninki ya fi kama da abin da likitan ya faɗa. Tunda jikinsa ba ya yin fakta 8, da aka sa masa sai garkuwar jiki ta ɗauka baƙo ne kamar ƙwayar cuta, ta ƙera sojojin da ke maƙale wa faktan su hana shi aiki tun kafin jini ya daskare, su ne ake kira inhibita. Kusan yara 3 cikin 10 masu irin nasa na gamuwa da haka, galibi cikin allurai 50 na farko. Ki nemi a yi gwajin Bethesda, wato gwajin jini da ke auna yawan sojojin, in ya fito ƙasa da 5 likita kan iya ƙara yawan faktan, in 5 ne ko sama ƙarin ba zai yi ba sai maganin da ke zagaye sojojin, NovoSeven ko FEIBA.

Wata uwa: Ƴar uwa nima na sha kukan nan wallahi. Nawa yanzu allurar Hemlibra ake masa a ƙarƙashin fata duk sati, maganin ba fakta 8 ba ne, aikinsa kawai yake yi, shi ya sa sojojin ba sa gane shi, amma fa rigakafi ne ba ya tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle. Ki tuntuɓi Haemophilia Foundation of Nigeria ki ji ko akwai na tallafi don da tsada.

Wata nas: Kafin nan ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora, ki ɗaga ƙafar kan filo. Banda asfirin, ibufurofen da dikulofenak, farasitamol kawai, kuma kar a murza gwiwar, kar a kai shi wajen wanzami tsaga ko ƙaho. Ki mayar da shi asibiti yau ba sai gobe ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri, yanzu zan kira babansa mu tafi.