Neman shawara: shekara biyu ina kan keken guragu, amma zuciyata tana fili

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana don Allah.

Shekarata 27, a Tudun Wada nake nan Gombe. Kafin ƙaddara ta same ni lamba shida nake bugawa a ƙungiyar unguwarmu. Shekara biyu ke nan da muka yi hatsarin mota a hanyar Biu, ƙashin bayana ya karye, laka ta taɓu. A takardar asibiti an rubuta T10, wato lambar wurin da lakar ta taɓu. Daga cibiya zuwa ƙasa ba na jin komai, amma hannayena lafiya lau, alhamdu lillahi.

Matsalata yanzu zama ne. Na yi tumbi, keken ya fara matse ni, ƙanena da ke ɗaga ni sai ya yi nishi. Barci ma ba ya zuwa, don jikin bai gaji ba. Da na yi wa Hajiya maganar ina son komawa motsa jiki, kuka ta sa, wai so nake in ƙarasa abin da ya rage. Shin akwai wasan da irina zai iya? Zai ƙara lalata lakar? Ta ina ake farawa?

Ɗan Bolari: Allah ya ba ka lafiya. Ka shiga parasoka mana, ƙwallon da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya. Ɗan Kano ne ma ya ƙirƙiro ta, Misbahu Lawan Didi. Tunda kai ɗan ƙwallo ne ba za ka sha wuya ba.

Abban Khalifa, Bauchi: Ɗan Bolari, niyyarka mai kyau ce, amma kada ya soma. Yawancin masu parasoka shan inna ce ta same su, kuma mai shan inna yana jin jikinsa. Idan katako ya gurje shi zai ji zafi ya gyara zama. Mu masu ciwon laka ba ma ji. Shekarata tara a kan keke. A shekara ta uku na yi ganganci na zauna kan benci tun la'asar har isha ina kallon wasa, ba matashi. Ɗan ja ne kawai ya fito a mazaunina, na raina shi. Wata biyar na yi kwance rub da ciki ana wanke gyambo. Wanda bai ga irin gyambon nan ba ba zai gane ba, rami ne.

Ƙanena, kafin ka sayi ko ƙwallo ɗaya, ka sayi matashin zama mai kyau da ƙaramin madubi. Safe da dare ka duba mazauni da kwankwaso da dunduniya. Jan da ka danna bai washe ba, kada ka sake zama a kansa har ya ɓace. A kan keke kuma duk minti 15 zuwa 30 ka sunkuya gaba ko ka karkata gefe, jini ya samu hanya. Ni yanzu ƙwallon tebur nake bugawa, yara masu ƙafa ma ba kowa ke cina ba.

Malama Fisiyo, ma'aikaciyar gashin ƙashi: Amsar tambayarka ta biyu: motsa jikin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya ƙara lalata laka. Zaman ne ke jawo ƙiba da ciwon suga da hawan jini, kuma sun fi saurin kama masu ciwon laka saboda manyan tsokokin ƙafa sun daina ƙona abinci. Amma ka fara komawa wurin likitan da ya duba bayanka, musamman in an sa maka ƙarfe, ya tabbatar ƙashin ya haɗe. Sannan ka biya sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya su tsara maka.

Ma'aunin da masana suka fitar a 2018 ba shi da yawa: aƙalla minti 20 na motsin da zai sa ka haki, sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa tsokokin da ke aiki, zagaye uku-uku, shi ma sau biyu a mako. In ana son zuciya da suga su amfana sosai, sai a kai minti 30 sau uku. Kada ka ce za ka cika shi ranar farko. Minti biyar ma farawa ne.

Abin da na fi jin tsoro ga tsofaffin 'yan ƙwallo shi ne zafin nama. Kafaɗarka ita ce ƙafarka yanzu, kuma ba a halicce ta don ɗaukar mutum ba. Tura keke gaban kafaɗa da ƙirji kawai yake ginawa, baya ya zauna da rauni, daga nan ciwo ya shigo. Ka je wurin mai faci ya yanko maka robar cikin tayar keke, ka ɗaura a ƙarfen taga, ka riƙa jawowa zuwa ƙirjinka kana haɗe allunan kafaɗa. Ƙafafun kuma a riƙa miƙe su a hankali. Ƙashin da ya daina ɗaukar nauyi yana yin laushi, ɗan murɗawa da ƙarfi sai ya karye ba ka sani ba.

Sai zafin Gombe. Inda ba ka ji ba ya yin gumi yadda ya kamata, ga Maris da Afrilu ana haura digiri 40. Ka riƙa yin atisayen bayan sallar asuba ko dab da magariba, da ruwan sha da jiƙaƙƙen tawul. Ka zubar da fitsari kafin ka fara. Kada ka rage shan ruwa don gudun jiƙa wando, ciwon mafitsara ne ƙarshensa.

Ga sauran 'yan uwa da nasu ciwon lakar ya kai T6 (daidai ƙasan ƙirji) ko sama: in kai ya sara muku farat ɗaya, fuska ta yi ja, gumi ya keto, jini ne ya hau. A zauna a miƙe, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta lanƙwashe ko ta toshe. In bai sauka ba, asibiti nan take.

Baban Yara: Akwai mai gashi a wajen Kumo, da ruwan zafi da ganye yake yi, an ce mutane suna tashi. Ka yi min magana ta ciki.

Admin: Baba, da girmanka, amma mun hana wannan a gidan nan. Ruwan zafi a ƙafar da ba ta ji ƙuna ce kawai.

Maman Ilham, Jekadafari: Ni tawa daga bishiyar mangwaro ce, ina 'yar shekara sha shida. Fita fili ba ta yi min sauƙi, to tsakar gida ne filina. Gorar ruwa biyu cike da yashi, sai shara da wanki da nake yi da kaina, sai zagaya gida sau goma kafin rana ta fito. Riba ta farko da na gani ba a tumbi ba ce. Ranar da na tashi daga gado zuwa keke ba tare da na kira kowa ba, wallahi sai da na yi hawaye. Ka sa wannan a gaba, ka hutar da ƙanen nan naka. Bayan gida ma ya fi zuwa a kan lokaci, a yi haƙuri da zancen.

Malam Na Pantami: Ni batun Hajiya zan taɓa. Kada ka yi musu da ita, ita ce ta kwana a ƙasan gadon asibiti. Kalmar wasa ce ke tsorata ta, to ka daina cewa wasa, ka ce magani, kuma ba ƙarya ka yi ba. Likitan masu ciwon laka ne ya fara abin nan, Ludwig Guttmann, a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Sojojin da yaƙin duniya na biyu ya karya wa baya yake jinya, ya sa wasa cikin jinyar. A 1948 mutum 16 suka yi gasar harbin kibiya a kan keke, ita ce ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a Rum a 1960. A ta Faris ta 2024 ɗan Najeriya Isau Ogunkunle a kan keke ya ciyo tagulla a ƙwallon tebur. Ka tafi da Hajiya asibiti ta ji daga bakin likita, zai fi dubun naka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya na Maman Ilham da na Malam. Ba ta ce e ba, amma ta ce ranar Talata da ita za a je asibitin, kuma ita za ta yi tambayoyin. Madubin na sa an sayo. Yaya Abban Khalifa, matashin nan wane iri ne, na soso ko na iska, kuma nawa ka saya?

Abban Khalifa, Bauchi: Na iska ya fi, amma da tsada, ga ƙaya. In na soso ne ka nemi mai tauri mai kauri, ba ragowar katifa ba, kuma da ya fara lotsawa ka canza. Ka bari fisiyo ta gwada ka a kai ranar Talatar kafin ka biya kuɗi.